Sawun Guguwa a Kan Layina

Lahadi, 3 ga Agusta

Shekara ashirin da shida ina zana layin filin ƙwallon nan da gwangwani mai huda a gindi, a sunkuye. Shekara ashirin da shida ina cewa a sayo mini keken zana layi, irin wanda ake turawa a tsaye kamar mutum mai mutunci. Kwamiti bakwai na ga zuwansu na ga tafiyarsu. Kowane sakatare sai ya ce, Baba rubuto. Ni da ban taɓa zama a aji ba, a jikin buhun farar ƙasa da allon sanarwa na tsinci baƙaƙen nan ɗaya bayan ɗaya, na zauna na rubuto musu har sau tara. Ko "mun gani" ba wanda ya ce. Bayana ya lanƙwashe, su suna ofis fanka na kaɗa su.

Abu ɗaya tak suka taɓa amsa mini. Bara, lokacin horon yara na hutu, iyaye suka riƙa zuwa da ƙananan 'ya'yansu, suna bi ta kan layi tun bai sha iska ba. In zana da safe, kafin hantsi ya koma kamar inda kaji suka yi tono. Na yi ta faɗa har Sakatare ya gaji da ganin fuskata. Bana ga doka an liƙa a ƙofa: duk yaron da ke horo, uwarsa ko ubansa ya tsaya a bakin fili daga usur na farko har na ƙarshe. In an zo da ƙanne, ƙanin da ya tsallake farin layi sau uku, an sallami gidan gaba ɗaya. Dokata ce. Sau biyu na tsaya na karanta ta yau.

Gobe ake farawa. Sati biyu, ranar Asabar ta ƙarshe a zaɓi yara sha huɗu da za su zauna a ƙungiya. Na kafa turaku, na ja igiya, na gama da'irar tsakiya kafin la'asar. Jikata na cikin masu zuwa, Bahaguwa, 'yar babban ɗana. A bakin mai lemon ƙofa na ji. Shi bai ga ya dace ya gaya mini ba.

Litinin, 4 ga Agusta

Ya zo. Injiniya, wai, haka suke ce masa don yana gyaran firji. Da na hango shi daga ƙofa ban gane shi ba. Jaririya ɗaure a ƙirji da wani abin goyo mai maɗauri, jaka a kafaɗa kamar mai ƙaura, laima a hammata, hannu ɗaya riƙe da Guguwa, na tsakiyar nan ɗan shekara uku da bai iya tafiya ba sai gudu. Bahaguwa a gaba, takalmin ƙwallo rataye a wuya. Namiji da gemunsa. A gaban mutane.

Ya durƙusa ya gaishe ni da goyon a jikinsa. Na ce ina uwarsu. Ya ce an yi wa mahaifiyarta aiki a asibiti, ta tafi jinya, sai nan da sati uku. Na ce to ƙwallon dole ne, ba za ku zauna a gida ba? Ya ce, "Baba, tun bara take ƙirga kwanaki." Bai ƙara ba. Haka yake tun yana yaro, ya ba ka magana guda ya bar ka da ita.

Bahaguwa ta ce, "Kaka, layinka ya karkace daga can." Ƙarya take yi. Na ce ƙafarki ce a karkace, ja'ira, shi ya sa kike bugu da hagu.

Ko rabin awa ba a yi ba ƙwallo ta fito waje. Guguwa ya fizge hannunsa, ya bi ta, ya kora ta har cikin fili yana ihu. Sawu biyu a kan layina, yatsu biyar biyar kamar an buga hatimi. Koci ya busa usur, ya ciro ɗan littafi ya sa alama. Ɗaya. Ya kalle ni, ni na kalli tiyo.

Ba ni na ce ya zo da su ba.

Talata, 5 ga Agusta

Kusurwar da suke zama ita ce ciyawarta ta fi bushewa, shi ya sa na daɗe a wajen da tiyo. Ba kallonsu na je yi ba.

Kowane yaro da gorar ruwansa, ya ɗaura wa kowace zare mai launi daban don kada a yi rigima. Ya ɗaure wa Bahaguwa igiyar takalmi da hannu ɗaya da haƙori, ɗaya hannun yana riƙe da bulumboti a bakin jaririya, wayarsa maƙale tsakanin kunne da kafaɗa. Ina jin yana cewa, "Hajiya, cire shi daga wuta, ki bar ƙofar a buɗe, ƙarfe biyu ina nan." Ƙafarsa kuwa ya tare Guguwa da ita kamar yadda ake tare ɗan akuya a bakin ƙofa. Duk a lokaci guda.

Ashe aikin safe duk ya ɗage shi zuwa rana. Wasu masu firjin ba za su jira ba, na sani.

Laraba, 6 ga Agusta

Na lura da wani abu. Yarinyar nan duk sanda ta taɓa ƙwallo sai ta waiga wajen ubanta. Kuma duk sanda ta waiga, idonsa na kanta. Na ƙirga har sau goma sha ɗaya, bai faɗi ko ɗaya ba. Ko kunzugu zai canja wa jaririya, sai ya shimfiɗa ta yadda fuskarsa za ta kalli fili. Hannu na aiki a ƙasa, ido na can. Kamar ya san daidai lokacin da za ta juyo.

Ƙafar tata ba laifi. Koci ya ce wa wani, "Waccan mai hagun, ku sa mata ido." Na yi kamar ban ji ba, amma na ji.

Alhamis, 7 ga Agusta

Biyu.

Jaririya ta yi masa tumbuɗi tun daga wuya har cikin riga. Yana ƙoƙarin kwance maɗaurin, wani yaro ya faɗi a fili yana kuka, Guguwa ya ruga ya je lallashinsa. Lallashi fa. Har yana shafa masa kai. Iyaye suka yi ta dariya, Koci ma ya yi, amma ya ciro littafin.

Bahaguwa ba ta yi dariya ba. Da aka tashi ta zo ta mintsine shi a cinya sai da ya ƙwalla ƙara. Na ce yau za a ci duka, na matso in gani. Uban ya zaunar da su biyun a kan ciyawa, rigarsa na ɗoyi, ya ce mata, "Shekararsa uku. Ke aikinki ƙwallo, shi kuma aikina ne. In ya sake shiga ni za ki mintsina." Ta ce, "Abba, saura ɗaya fa." Ya ce na sani. Ya ɓare ayaba ya raba musu, ya cinye guntun da ya faɗi ƙasa bayan ya hure shi. Ina jin shi ne karin kumallonsa.

Ni da a ce nawa ne a lokacina, da kowa ya sha mari an wuce wurin. Ban ce wanne ya fi ba.

Asabar, 9 ga Agusta

Injiniya ya samo dabara. Yaran horo suna cire silifas su zubar bayan benci kafin su sa takalmin ƙwallo. Jiya ya zo da hular kwali da tsohon usur da ya cire wa ƙwayar ciki don kada ya yi ƙara, ya naɗa Guguwa mai gadin takalma. Ya ce masa in ya matsa ko taku ɗaya ɓarayi za su kwashe. Yaron nan ya tsaya ƙyam awa biyu, yana jera silifas manya da manya, ƙanana da ƙanana, yana hura usur da ba ya kuka. Wani uba ya zo ɗaukar na ɗansa, ya hana shi sai da ɗan ya zo da kansa. Mai gadin ƙofar ofis bai kai shi riƙon amana ba.

Yau mata biyu suka kawo nasu ƙananan suka ajiye kusa da shi, wai mataimakan mai gadi. Injiniya ya ƙare da yara biyar a gindin laima ɗaya. Mai lemo ta ce mini, "Baba, ɗan nan naka ya fi mata goma." Na ce lemonki na yau da tsami.

Abin da ke ci mini rai shi ne kwana shida ke nan ina tsaye taku ashirin daga inda yake, bai taɓa cewa Baba riƙe mini wannan ba. Ya ba matar da bai sani ba jaririya ya shiga bayi. Ni ban isa ba ke nan. Ba wai zan karɓa ba ne, ina da aikina. Amma ai a tambaya.

Litinin, 11 ga Agusta

Ruwan jiya ya wanke layi tas. Tun asuba nake sunkuye, na sake zana komai.

Kitson Bahaguwa ya warware, shi ya yi mata sabo da kansa. Tsagar kan kamar mashayi ne ya ja igiya. Na ce gobe a kawo mini kan in kafa turaku. Ta ce, "Kaka, kai da ba ka da gashin ma." Shi ya yi dariya har jaririya ta farka. Rabon da in ji dariyarsa kusa haka na manta.

Talata, 12 ga Agusta

Zan rubuta yadda aka yi, tunda littafin nan ba mai karanta shi.

Wajen ƙarfe goma wani yaro ya yi wa Bahaguwa ƙafa, ta faɗi a kan gwiwa, jini. Koci ya ɗaga wa ubanta hannu ya shigo. Matan nan biyu ba su zo ba yau. Guguwa ya ga yayarsa a ƙasa, ya manta da gadi, ya fara ja. Injiniya ya waiga hagu ya waiga dama, ni kaɗai ne a kusa. Ya ce, "Baba, riƙe mini shi minti biyu." Ya sa hannun yaron a cikin nawa, ya shiga da jaririyar a ƙirji.

Na riƙe. Wallahi na riƙe. Hannun ɗan ƙarami, duk danƙon ayaba.

Sai ga wani uba mai riga mai jan wuya da ya makara da ɗansa, ya jawo benci ta kan kusurwar da na zana jiya. Ja fa, ba ɗauka ba, ƙafafun bencin suna kwashe farar ƙasa suna yin kwalbati a ciyawa. Na daka masa tsawa bai ji ba. Na ɗaga hannu biyu ina kai malam, kai malam. Hannu biyu. Kafin in tuna abin da ke cikin ɗayan, hular kwali na can tsakiyar fili.

Koci bai ko busa usur ba. Ya jira aka wanke gwiwar aka ɗaure, sannan ya zo bakin layi da littafin. Ya ce, "Injiniya, ka san ba ni na kafa ba. Uku ke nan." Ni ina tsaye a wurin. Injiniya ya ce, "Haka ne, Koci. Ni ne ban kula ba."

Ni ne ban kula ba. Bai ko kalli inda nake ba. Da ya kalle ni da ya fi mini sauƙi.

Bahaguwa ba ta yi kuka ba. Ta zauna ta kwance takalmin a hankali, ta ƙulla igiyoyin, ta rataya a wuya. Ta tsaya gaban ubanta, na ɗauka mintsinin da ya yi mata alkawari za ta yi. Sai ta karɓi laimar daga hammatarsa ta riƙe masa. Suka fita, tana ɗingishi, Guguwa na tambaya wa zai yi gadin takalma.

Na gyara kusurwar. Minti huɗu ta ɗauke ni.

Laraba, 13 ga Agusta

Ba su zo ba. Silifas a warwatse bayan benci. Shi mai jan wuyan ne ya jawo, da ya ɗauki bencin kamar mutum da duk haka ba ta faru ba.

Alhamis, 14 ga Agusta

Ba mai jan wuyan ba ne.

Na sa riga mai tsabta na tare Koci kafin a fara. Na ce yaron a hannuna yake, ni na sake shi. Ya ce, "Baba, ai na gani." Ya gani! Kowa ya gani ke nan, aka bar ni ina yawo da tiyo kamar ba komai. Na ce to goge. Ya ce littafin ya riga ya je ofis, kuma, "Dokarka ce, Baba. Kai ka tsaya a kanta har aka liƙa." Yaron da na sani tun yana tsintar ƙwallo a bayan raga, yau shi ke tuna mini.

Na tafi ofis. Sakatare na ganina ya ce, "Baba, in maganar keken nan ce, rubuto." Na ce ba ita ba ce, kuma ba zan rubuto ba, zama zan yi. Na zauna a kujerar da ke gaban teburinsa, wadda ban taɓa zama a kai ba. Na faɗa masa komai. Na ce laifina ne. Shekarata sittin da takwas, ban tuna ranar da kalmar nan ta taɓa fita daga bakina ba, ta fito da ƙyar kamar ƙaya. Ya ce in aka ɗaga wa jikata, gobe kowa zai kawo kakansa ya ce shi ya saki. Na ce kowa ya kawo, in dai zai iya zama a nan har la'asar kamar yadda zan yi.

Ya sha shayi ina kallonsa. Ya amsa waya uku ina kallonsa. Wajen azahar ya ce, to, yarinya ta zo ranar Asabar ta buga wasan zaɓe. Amma ƙananan ba za su shigo ko ƙofa ba, kuma uban dole ya tsaya a bakin fili kamar kowa, kaka ba ya maye gurbi. Na ce to wa zai riƙe ƙananan? Ya ce, "Wannan kuma maganar gidanku ce."

Da yamma na je gidan Injiniya. Rabona da shi tun haihuwar Guguwa. Falo duk kayan jarirai a shanye a bayan kujeru, injin firji a buɗe a kan jarida kusa da ƙofa, a bango takarda ya rubuta lokacin madara da na magani da na wanka. Kwanuka a wanke a kife. Na zaci zan tarar da juji. Bahaguwa na kwance ta juya wa ɗaki baya. Na faɗi abin da Sakatare ya ce, ta tashi zaune kamar an tsikare ta. Shi ya hau lissafi a ka. Maƙwabciyar ta yi tafiya, ƙanwar matarsa na aiki ranar Asabar. Ya ce, "Bari in ga wanda zan samu."

Na ce ga ni zaune a gabanka kana neman wanda za ka samu.

Ya ce, "Baba, ranar wasa ce. Ba ka taɓa barin fili ranar wasa ba." Na ce wa ya tambaye ka tarihi.

Juma'a, 15 ga Agusta

Injiniya ya kawo abin goyon sitona na kayan fili bayan an tashi, wai in gwada. Maɗauri huɗu, kowanne da ramin da yake shiga. Ya sa mini rabin buhun farar ƙasa a ciki a madadin jaririya. Sau biyu buhun na faɗuwa. Mai lemo ta leƙo ta ga ni, ta koma tana riƙe da ciki. Zan rama.

Ya rubuto mini takarda da manyan baƙaƙe. Madara ƙarfe tara, a ɗiga a bayan hannu tukuna. In ta ja kunne barci take ji. Guguwa kada a ce masa kar ka, a ba shi aiki. Na ce na haifi biyar kafin a san za a yi ka. Ya ce, "Haka ne, Baba," ya dai ninke takardar ya sa mini a aljihu.

Asabar, 16 ga Agusta

Na zana layi da asuba. Ƙarfe takwas saura na fita ƙofa da ƙafata, Injiniya ya ɗaura mini jaririya, ya ba ni hannun Guguwa, ya ce, "Baba." Na ce na sani. Na ɗaure hannun yaron da nawa da guntun igiyar awo, ƙulli biyu. Ko duk bencin duniya za a ja.

Awa biyu da rabi. Ban san haka take da tsawo ba. Jaririya ta ƙi madara ƙarfe tara, ta nema tara da kwata lokacin da Guguwa ya ce fitsari. Na kai shi gindin bishiya da ita tana tsala ihu a kunnena. Muna dawowa ya ce kashi. Na ba shi aikin ƙirga motoci, ya ƙirga uku ya ce sun ƙare. Mai lemo ta ba shi gadin ɓawo, wannan ya riƙe shi kusan minti ashirin, Allah ya saka mata, na fasa ramawa. Kunzugu kuwa ba zan rubuta ba. Gumi har cikin takalmina. Ni da nake tura injin yankan ciyawa fili guda ban zauna ba, yau yara biyu suka gama da ni. Shi kuma kwana takwas ya yi haka, da waya a kunne, kuma yana kallon fili.

Ta shingen waya nake hangen rabin fili, rabin kuma allon talla ya tare. Na hango shi tsaye a bakin layi, hannu biyu ba komai, bai san inda zai sa su ba. Ya sa a aljihu, ya fitar, ya harɗe. Can na ga yana jijjiga, hagu, dama, hagu, dama, yana lallashin jaririyar da ke ƙirjina. Bai ma san yana yi ba.

Ban ga bugun ba, allon ya tare. Ihu na ji, sai na ga Injiniya ya yi tsalle kamar yaro, sai ga ta ta shigo rabin da nake gani tana gudu da bandeji a gwiwa, ta waiga wajensa. Yana kallo, mana. Daga nan ta juyo wajen shinge tana neman wani abu, ta ɗaga hannu. Na ɗaga wanda ke ɗaure da Guguwa, sai da yaron ya yi ɗage.

An ce tabon fenariti ya goge tun kafin hutun rabin lokaci, ba wanda ya gyara. Aka dai buga a haka.

Da aka kira sunaye na ji nata ta lasifika, ta tara a cikin sha huɗu. Jaririya ta yi barci a lokacin, shi ya sa ban yi motsi ba. Ƙura ce ta shiga mini ido, wurin ƙofar nan ba a share shi.

Lahadi, 17 ga Agusta

Kafaɗata kamar an yi mini duka. Ban je fili ba, ciyawa ba za ta gudu ba.

Akwai abin da ya dawo mini jiya a bakin shinge, ya ƙi tafiya. Shekarata ta biyu a aikin nan, Injiniya yana ɗan shekara sha ɗaya, makarantarsu ta zo wasa a filin. Da yamma uwarsa, Allah ya jiƙanta, ta ce mini, ɗanka ya ci ƙwallo yau, ya yi ta neman ka da ido. Na ce ina bayan sito, tiyo ya fashe, in ban ɗaure ba wa zai ɗaure. Gaskiya na faɗa, tiyon ya fashe. Bai sake zuwa wasa ba, ni kuma ban tambaya ba, na ɗauka ƙwallon ce ta fita ransa. Su biyar, ban tuna na taɓa sanin wanne ke jan kunne in yana jin barci ba. Ina fita suna barci, ina dawowa an yi musu wanka. Haka kowa yake yi a lokacin. Ban ce na yi laifi ba, amsa laifi sau ɗaya a sati ya isa.

Jiya da yake kwance mini maɗaurin na tambaye shi. Na ce kai wa ya koya maka duk wannan? Ya duba jaririyar ya ce, "Baba, a baibai ka ɗaura kunzugun." Ya yi dariya, ya ce ranar Asabar mai zuwa akwai atisayen ƙungiya ƙarfe takwas, uwarsu ba ta dawo ba tukuna. Na ce zan duba in ina da lokaci. Igiyar na nan a aljihun rigata, ban kwance ƙullin ba, don dai ƙulli ne mai kyau.

Amma bai amsa mini ba. Uwarsa da za ta sani tana ƙasa. Yaron nan a gidana ya tashi, abincina ya ci, kuma abin da na gani a bakin layin nan kwana takwas bai gan shi a wurina ba ko sau ɗaya. To a ina ya samo? Ba na son dariya, ba na son haka ne Baba. Ranar Asabar zan riƙe masa yaran, in an tashi zan zauna a kan bencin nan da jaririyarsa a ƙirjina, ba zan miƙa ta ba sai ya buɗe baki ya gaya mini.